Bajimin Jatau a Hawa na Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata ce, ana zafi, babu iska. Muna rumfar mahauta a kasuwar Mafara, kowa yana korar ƙuda daga kan namansa, sai ga Jatau cikin sabuwar shadda, yana kaɗa makulli a ɗan yatsa.

Jatau mahauci ne ɗan mahauci. Ya san sa, ya iya wuƙa, wannan ba mai ƙwace masa. Illarsa baki. Idan ya yanka akuya da safe, kafin la'asar ta zama raƙumi. A shekarar ne Sarkin Fawa, Baba Hayatu, ya ce ƙafa ta gaji, ido ya rage, zai kai sunan magajinsa fada kafin azumi. Mutum biyu ake kallo, Jatau da taubashinsa Sufyanu. Sufyanu ya ci gaba da fawarsa kamar bai ji ba. Jatau kuwa ya sayar da shanun turkensa, ya haɗa da gonar rani da ya gada a Bakolori, ya ɓace. Yau ga shi ya dawo da makulli.

Ya durƙusa ya gaida Sarki. Ya tambayi gida, ya tambayi ƙafa, ya tambayi zafi, ya sake komawa kan gida, makullin yana ta lilo kusa da hancin tsohon. Da ya ga ba mai niyyar tambaya, sai ya faɗa da kansa. Ya sayi gida a Abuja. Sabo fil, ko ƙadangare bai taɓa kwana a ciki ba.

Ya ba mu labarin cinikin. Ya ce yaran kamfanin sun kawo masa hotuna, ya ce musu shi ba ya sayen sa a hoto. Ya zagaya gidan, ya bubbuga bango ya ji ƙoshinsa, ya wage ƙofa kamar mai duba haƙora, ya shiga bayi ya ɗaga murfin masai kamar mai ɗaga wutsiya. Ya taya, suka ƙi. Ya juya kamar zai tafi, ba wanda ya kira shi. Ya dawo da ƙafarsa ya biya abin da suka faɗa tun farko. A bakinsa, wannan shi ne ya karya su.

Sufyanu bai ɗago daga haƙarƙarin da yake sara ba, ya tambayi girman filin da kuma wanda suka yi iyaka da shi. Jatau ya ce ai ba irin gidajenmu ba ne da ake kwana tare da kunama. Bene ne dogo, gidaje a jere wani bisa wani, kowa da nasa. Nasa yana hawa na goma sha ɗaya.

"To ƙasar ta wa ce?" in ji Sufyanu.

"Ƙasa ta talaka ce. Na bar muku ita."

"Ƙarƙashinka mi ka akwai?"

"Mutane."

"Bisanka fa?"

"Mutane."

"Ashe tsire ka saya, bawana. Yanka guda a tsakiyar tsinke."

Rumfa ta ɗauki dariya. Jatau ya ce hassada ce. Ya ce daga tagarsa, idan gari ya yi garau, ana hango Sakkwato. Ya ce direban jirgin sama ya ɗaga masa hannu. Ya ce manyan ƙasar nan, da ake ganin fuskarsu a talabijin, shi sanƙonsu yake gani. Sannan ya ce, yana kallon gefe, mahauta sun daɗe da shugaban da ba a san shi ba bayan Gusau.

Baba Hayatu ba mai yawan magana ba ne. Ya gama tauna goronsa tukuna.

"Mu mahauta," ya ce, "gidan da mutum bai kayar da sa a tsakar gidanshi ba, ya yanka, ya raba ma maƙwabta sadaka, ba mu kiranshi gida. Masauki ne. Ka yi hakanga ina gani da idona, sunanka zan kai."

Jatau ya ce ranka shi daɗe, sa guda kawai? A sa rana. Aka sa.

A gida matarsa Tabawa ta saurare shi tana tankaɗe. Ta tambaye shi inda za ta kafa murhu, ya ce da maɓalli ake girki. Ta tambayi inda kaji za su yi kiwo, ya ce a firji suke zama. Ta ce to turmi fa, a kan wa za ta riƙa daka? Ya ce ita matsalarta ƙauyanci. Ta ce ita ba balbela ba ce, ya je ya gyara sheƙarsa, in ya faɗo ya san hanyar gida. Ta ƙara da cewa gonar da ya sayar dai ba a taɓa hawa mata tsani ba.

Ranar kasuwar Maradun ya tafi kara neman sa. Sufyanu ya bi shi, wai rakiya. Ya nuna masa wani gudali mai sanyin hali, gajeren ƙaho, ya ce wannan ko a ƙofar ɗaki ya shige. Jatau ya ce shi ba zai shiga Abuja da sa mai kama da limamin ƙauye ba. Ya zagaya har ya sami wani jan bajimi na Bororo, dogo, mai ƙahon da mutum biyu za su shanya riga a kai. Bafulatanin da ya kawo shi ya ce san nan ba ya son hayaniya, ba ya son a tsaya bayansa, gabansa ma ba ya so. Jatau ya ce shi da ya yi hawan ƙaho tun ba a yaye Sufyanu ba. Ya saya.

A hanyar dawowa Sufyanu ya tambaye shi ta inda sa zai bi ya kai hawa na goma sha ɗaya. Jatau ya ce akwai lif, wani akwati da ke ɗaukar mutane ya kai su sama, ya auna shi da ido, shanu uku za su shiga har da makiyayi. Amma maganar ta zauna masa. Ya ce ko ba komai, wuta ba ta da amana. Gara sa ya koyi matakala.

Masu bene a Mafara duk suka ce a kai kasuwa. Sai ya tuna da gidan surukinsa Malam Jibrin, mahaifin Tabawa, a Bakura. Akwai matakala daga tsakar gida zuwa kan soro, inda ake shanyar amfanin gona. Jatau ya jira ranar da tsohon ya tafi ta'aziyya Damri, ya iso da sa da buhun dusa. Ya gaya wa matan gidan Malam ne ya aiko shi duba rufi.

Ya barbaɗa dusa a kan kowace matakala. Sa ya sunkuya ya lasa, ya taka, ya lasa, ya taka. Kafin a ankara yana kan soro, ya tsaya a tsakiyar masarar Malam yana kallon Bakura. Jatau ya leƙo ya kira masu wucewa su zo su ga ilimi. Suka zo. Masu babur suka kashe injin. Mai rake ya matso da baronsa.

Da aka gama kallo ya ja igiya a sauka. Sa ya zo bakin matakala, ya leƙa ƙasa, ya ja baya. Aka barbaɗa dusa. Ya kalli dusar, ya koma kan masara. Aka ja ta gaba, ya kafe. Wani ya zagaya baya zai murɗa wutsiya, sai da aka ɗauko shi daga kan dangar maƙwabta. Ana cikin haka rufi ya gaji, ƙafar sa ta baya ta nutse, ta fito a ɗakin uwargida daidai saman gadonta, tana lilo.

A haka Malam Jibrin ya dawo. Jatau ya gangaro da sauri, ya tuɓe takalma, ya tsugunna, ya sunkuyar da kai. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, ba a ɗaga murya. Malam ya dubi ƙasa, ya dubi sama. Maimakon Jatau, sai ya yi wa san magana.

"Sannu da zuwa, baƙo," ya ce. "Da ka aiko, da an share maka. Wanda ya kawo ka dai, ɗiyata na ba shi, ban haɗa mai da soro ba."

San ya kwana a can. Sai da aka kawo tifa-tifa na yashi aka jibge a jikin bango, aka toshe lungu gaba ɗaya, mutanen unguwa suna zagayawa ta bayan masallaci. Da ya gama masarar, ya zare ƙafarsa, ya gangaro bisa yashin a hankali, ba wanda ya roƙe shi.

Mun ɗauka wannan ya isa darasi. Jatau ya zo rumfa yana murna. Ya ce an tabbatar san ya iya hawa, abin da ake nema ke nan. Sauka kuwa ba ta dame shi ba.

"A Abuja ba da ƙafa zai sauko ba," ya ce. "A tukunya zai sauko."

Ranar tafiya muka taru da sassafe. Sa a bayan mota, mu a gefensa, Baba Hayatu a gaba kusa da direba, barhon sarauta a cikin kube bisa cinyarsa, don da shi za a yi yankan. Jatau ya ɗauko mai kalangu. Ya ɗauko tabarmi, da gatari, da diga. Tabawa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Allah ya kiyaye san.

Mun kwana a hanya, muka shiga Abuja da hantsi. Ginin yana nan kamar yadda ya faɗa, fari, dogo, sai da hular Sarki ta faɗi wajen neman ƙarshensa. A bakin get maigadi ya tare mu. Ya ce ba a shiga da dabba. Jatau ya nuna makulli. Maigadi ya ce makulli na mutum ne. Daidai nan wata mata ta fito daga mota rungume da wani ɗan kare mai gashi, ta wuce, maigadi har da sara mata. Jatau ya kama hannun rigarsa, ya tambaye shi ko shi Musulmi ne. Ya ce ƙwarai. Ya ce to yaya kare ya wuce, halal tana tsaye a rana? Maigadi ya ce bari ya kira manaja. Yana juya baya muka shige.

Aka fara gwada lif. Ƙofa ta buɗe, wani mai kwat yana ciki yana waya. Ya ga ƙaho, ya fita ta ƙarƙashin hammatar mai kalangu, bai tsinke maganarsa ba. Jatau ya ja sa. Hanci ya shiga, ƙaho ya tokare hagu da dama. Aka karkata kan, ƙaho ɗaya ya shiga, ɗaya ya cire fitilar sama. Da ƙafafun gaba suka taka, akwatin ya fara kuka. Sufyanu ya tambaya ko sauran shanu biyun da makiyayin su jira zuwa na gaba. Jatau ya ce daga baya aka rage lif ɗin, ranar da ya saya ya fi haka.

Sai matakala. Nan kam karatun Bakura ya yi rana. Jatau a gaba da dusa, sa yana lasa yana takawa, kalangu yana tashi, ginin yana amsawa. Baba Hayatu ya ƙi lif, ya ce ba zai shiga akwati da ransa ba. A hawa na biyu numfashi ya gaza masa, sai ya kama wutsiyar san. Ga mamakinmu sa bai ce komai ba, ya ja shi. Haka suka yi ta hawa, sa a gaba, Sarki a rataye.

A kowane hawa san yana tsayawa ya bar shaida. Ƙofofi suna buɗewa suna rufewa. Wata ta leƙo da tsintsiya, ta koma ta sa sakata. Wani tsoho ya fito da carbi, ya dube mu, ya koma yana cewa dama likita ya ce maganin zai iya sa shi gane-gane. Jatau yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa su shirya kwano, maƙwabcinsu ne, nama na nan tafe. Sufyanu kuwa ya kira rumfarmu ta Mafara a waya, ya bar ta a buɗe, yana faɗa musu abin da ake ciki kamar mai sharhin ƙwallo. Muna jin hayaniyar kasuwa daga aljihunsa.

Muka isa. Jatau ya buɗe ƙofa da bismillah, aka karkata ƙaho aka shiga, ya mai da ƙofa ya kulle, don muna jin manaja yana hawowa yana zamewa. Gaskiya gida ya yi kyau. Tayil kamar ruwa, kujeru da ledarsu, esi yana hurawa. San ya hango wani jan sa a cikin gilashin bango yana harararsa. Ba a daɗe ba aka rage sa ɗaya da gilashi ɗaya.

Baba Hayatu ya zauna a kan tabarma har numfashinsa ya dawo. Ya duba gabas ya duba yamma, ya tambayi tsakar gida. Jatau ya nuna falo. Sarki ya duba sama, bai ga rana ba, amma bai yi musu ba. Ya ce to a haƙa rami. Kowane mahauci ya san ba a yanka sai an yi ramin da jini zai taru, a mai da ƙasa a rufe. Ya taka tayil da ƙafa, ya ce shi dai bai ga ƙasa ba.

Jatau ya ce tana ciki. Ba a gina gida ba ƙasa, ko a Makka. Kamfani ya zuba wa kowa rabonsa, an rufe da tayil ne saboda tsabta. Ya tuɓe shadda, ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga.

Tayil ya tashi, sai siminti. Ya ce Abuja garin dutse ne. Ya ci gaba. Ana buga ƙofa daga waje, yana bugawa daga ciki, mai kalangu ya rasa wanda zai bi. Can diga ta sami wani abu, ruwa ya yi tsiri har silin. Jatau ya tsaya a cikin ruwan, ya juyo yana dubanmu ɗaya ɗaya.

"Kun gani? Rijiya. A Mafara sai an yi gaba goma. Ni sara kaɗan na yi."

Sufyanu ya gaya wa waya an sami ruwa a hawa na goma sha ɗaya, a sanar da masu noman rani. Ruwa ya malale falo, tabarmi suka fara yawo. San ya yi ta zamewa, ƙafa huɗu kowacce da alƙiblarta, har ya dace da doguwar kujera, ya haye ya kwanta daidai bakin esi.

Jatau ya ce inda ruwa yake, laka na kusa. Ya ƙara sara. Ginin sabo ne, kuma wanda ya yi shi ya yi wa siminti rowa. Diga ta shige har ƙota. Da ya zaro ta, wani ɓangare ya rufta, muka ji ƙarar faranti daga nesa. Haske ya fito daga ramin, tare da ƙamshin miyar kuɓewa.

Har mai kalangu ya tsaya.

Baba Hayatu ya tattare riga, ya rarrafa bakin ramin, ya kara ido. A ƙasa wani dattijo ne zaune a teburin cin abinci, loma a hannu, guntun siminti a cikin miyarsa, ruwa yana zuba a kan hularsa. Ya ɗago kai. Ido ya haɗu da ido.

Sarki ya yi sallama. Mutumin ya amsa, don ba a ƙin amsa sallama ko daga ina ta fito. Sarki ya tambaye shi an wuni lahiya. Ya ce lafiya lau. Ya gida, ya iyali, ya ɗiya, ya aiki, ya gajiya, ya muka ji da zafi. Mutumin yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana bin gemunsa. Sarki ya ce a ci lahiya. Ya ce bismillah. Sarki ya ce alhamdu lillahi, sun ƙoshi. Ya tambayi sunansa, ya ce Alhaji Abdulmumini.

"Alhaji, tambaya gare ni, ka yi haƙuri. Wanga wuri da muka haƙa, ƙasar wa ce?"

"Wace ƙasa? Silin ɗina ne."

"Tsakaninka da mu ba ƙasa ko kaɗan?"

"Baba, tsakanina da ku yanzu ba komai."

Sarki ya yi godiya, ya ce a gaida gida. Sai a lokacin Alhaji Abdulmumini ya tuna da fushinsa, ya fara, muna ji ta rami, daga baya muka ji ta matakala.

Da aka buɗe ƙofa, ruwa ne ya fara fita ya gaida mutane. Manaja, da maigadi, da 'yan sanda biyu, da masu gidaje tun daga hawa na ɗaya, duk suna tsaye. A gabansu wata Hajiya Na'ima, shugabar kwamitin masu gidajen. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce abu biyu ne. Na ɗaya, doka ta hana yanka a cikin ginin nan, ko na zakara. Na biyu, a fitar da sa yanzu.

Jatau ya ce to a bar shi ya yanka, ya fitar da shi a kwano. Ta ce ba a yanka. Ya ce to ba zai sauka ba. Ta ce sai ya sauka. 'Yan sanda suka ce su a nan suke, duk wanda ya zare wuƙa zai kwana a wurinsu.

Aka ja san da ƙyar zuwa bakin matakala. Ya leƙa ƙasa, ya ja baya. Manaja ya tura ta baya, aka tsince shi a hawa na goma. Ɗan sanda ya ba san umarni har sau biyu. Sufyanu ya matsa taga ya leƙa, ya ce a ganinsa idan aka kwashe yashin gulbin Maradun duka, zai iya kaiwa hawa na huɗu. Wani ya kawo maganar motar ɗaga kaya, a fitar da shi ta baranda. Manaja, yana dafe da ƙugu, ya ce sai kwamiti ya zauna, sai an nemi izini, kuma rabin 'yan kwamitin sun tafi Umara. Ana wannan gardama san ya juya, ya karkata ƙahonsa da kansa, ya koma ciki ya hau kujerarsa.

Aka tsaya a haka. Ba a yanka shi a sama, ba ya sauka da rai. Hajiya Na'ima ta ce har kwamiti ya zauna, abincinsa da kashinsa suna wuyan mai shi, kuma lif ta haramta ga Jatau da duk abin da ya ɗauko.

Baba Hayatu ya miƙe, ya matse bakin rigarsa. Ya kira Jatau, a gaban mutanen Abuja, wayar Sufyanu tana buɗe.

"Jatau, tsakar gidanka rufin wani ne. Rufinka tsakar gidan wani. Na duba, ban ga inda kake ba."

Ya ɗauki barhon da kubensa, ya miƙa wa Sufyanu, ya ce riƙe mani, hannuna ya gaji. Mai kalangu, da tun Mafara yake kiɗa Jatau na Tabawa, bai ko ɗaga gula ba, a tsakiyar kiɗan ya juye zuwa Sufyanu. Daga cikin waya muka ji rumfa ta kaure. Wata murya ta ce a gaya wa Jatau Tabawa tana nan ta ji, ta ce a tambaya ko san ya ci abinci.

Jatau ya tsaya da singileti a jiƙe, diga a hannu. Ya dubi barhon a hannun taubashinsa. Na ɗauka yau dai bakin ya mutu. Sai ya gyara tsayuwa, ya ce sarautar ƙauye dama ba ta gabansa. Ya ce a je a bincika, duk Zamfara, har Sakkwato da Kabi, in akwai san da ya taɓa kwana a esi ban da nasa.

Sufyanu ya ce wannan gaskiya ne, bawana, ba mai ja.

Muka sauka. Sarki ya yarda da lif a wannan karon, ya ce abin da ya gani yau ya fi akwati. Jatau ya kwana a bakin ƙofarsa, don duk sanda ya tura kai, san yana miƙewa. Mu muka kwana a bayan mota.

Washegari da safe, muna ɗaure kaya za mu kama hanya, sai ga shi ya sauka daga bayan babur da damin harawa. Bai dube mu ba. Ya gaida maigadi, ya tambaye shi kwanan iyali. Ya naɗe shaddarsa ya yi gammo, ya ɗora damin a ka, ya ɗauki bokiti da shebur a hannu, ya fara hawa.